Gadar Gaya a Rufe, Kogi a Buɗe

 Sharhinmu na yau zai yada zango ne a garin Gaya da ke jihar Dosso, can ƙuryar kudancin Nijar inda ƙasashe uku suka haɗa kafaɗa. Wanda ya tsaya a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, yana iya hango Malanville ta Jamhuriyar Benin a tsallake. In kuma ya fuskanci gabas, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba za ta sada shi da Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Tun ƙarshen watan Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kuma an shafe fiye da shekara biyu manyan motoci ba su bi ta kanta ba. Amma duk wanda ya san garin ya san cewa mutane ba su daina ƙetarewa ba, kaya ma ba su daina ba. Hujjar da nake son kafawa ke nan a wannan fili: gwamnatin da ta rufe ƙofar iyaka ba ta hana zirga-zirga, sai dai ta kore ta daga inda idonta ke gani zuwa inda ba ya gani. Wanda ke barin hanya da gaske shi ne baƙo mai takarda da ɗan kasuwa mai rajista, wato mutanen da ƙasa ta fi buƙata. Wanda aka rufe ƙofar dominsa kuwa, dama can ba ta ƙofar yake shiga ba.

Kada a ɗauka cewa ina kiran a share iyakoki ne. Gaya kanta da arzikin iyaka ta tashi. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro yana ratsa ƙasar Dandi, ya ƙetare kogin a wannan yanki, ya bi ta Kandi da Djougou. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasar a tsakaninsu daga 1898 zuwa 1906, sai dangi ɗaya masu magana da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci suka wayi gari ƙarƙashin hukumomi uku. A 1958 aka gina gada a kan kogin, a 1959 kuma Nijar da Benin suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa da aka fi sani da OCBN, wadda a da jirginta na ƙasa ke ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Parakou, tafiyar kilomita 438, daga nan motoci su ƙarasa da su. Nijar ba ta da teku, kuma hanyar Kwatano zuwa Yamai, mai tsawon kilomita dubu da 'yan kai, ita ce mafi kusa gare ta. Kafin a rufe gadar ana ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku ta nan suke bi. A lokacin, ofishin duwan na Gaya yana cikin waɗanda suka fi tara wa baitulmali kuɗi. Malamin nan Olivier Walther, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan Gaya da Malanville da Kamba, ya nuna yadda Gaya ta zama matattarar manyan ɗakunan ajiyar gwanjo, ana shigo da dila-dila ta Kwatano, a jibge, sannan a tura Najeriya inda doka ta hana shigo da su. Bambancin doka da na farashi da na kuɗi, sefa a nan naira a can, shi ne jarin garin. Saboda haka mutumin Gaya ba ya ƙin iyaka. Abin da yake so shi ne iyaka mai ƙofa, wadda aka san ƙa'idarta da lokacin buɗewarta da abin da ake biya.

Adalci ne a faɗi wanda ya fara. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, sun taru a Abuja ranar 30 ga wata suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi mai tsanani, suka rufe iyakoki, suka yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, Benin ta tsayar da kayan Nijar a tashar Kwatano. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville na tsawon kilomitoci masu yawa, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe, abincin agaji da magunguna suka maƙale. A nasu ɓangaren, sojojin Nijar sun gitta kwantenoni da manyan motoci a kan gadar don tsoron a kawo musu hari ta nan. Tsoron yana da tushe a lokacin, domin shugabannin Benin ba su ɓoye goyon bayansu ga matakin CEDEAO ba. Sai dai abubuwa sun sauya. A ƙarshen Disamban 2023 Benin ta janye haramcin da ta sa wa kayan Nijar a tasharta. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin. A watan Maris Najeriya da Nijar suka buɗe iyakarsu, motoci suka koma bin hanyar Kamba da Illela da Jibiya. Benin ma ta buɗe nata ɓangaren gadar. Nijar ce ta ce a'a, kuma a watan Mayun 2024 firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya bayyana dalili, cewa akwai sansanonin sojan Faransa a arewacin Benin inda ake horar da masu shirin tayar wa Nijar da hankali. Benin ta musanta, Faransa ma haka.

To mene ne ke faruwa a ƙarƙashin gadar da aka rufe? Motar fasinja ta taso daga Yamai, ta wuce Dosso, ta iso Gaya, a sauke kowa da kayansa. 'Yan kabu-kabu da masu ƙafa uku su kwashi mutane zuwa bakin ruwa. A can 'yan dako ne ke jira, wasu ruwa har gwiwa, suna ɗora buhuna a kai suna jerawa cikin kwale-kwale. Tsohuwa mai zuwa asibiti a Kwatano, da ɗalibi mai komawa makaranta, da matar da ta goyo jariri, duk a cusa su tare da babura da jarkokin manja da buhunan garin rogo, har bakin jirgin ya kusa shan ruwa. A tsallake a sake saukewa, a sake ɗaukar wani abin hawa zuwa tasha, a shiga wata mota da ke jira. Buhun masara ɗaya da a da ake ɗora shi sau ɗaya a kasuwar Malanville a sauke shi a Dosso ko Yamai, yanzu sai ya bi ta hannu biyar ko shida, kowane hannu da ladansa, kuma a kowace gaɓa akwai mai kaki da ke jiran na goro. Wannan ba a ɓoye ake yi ba, da rana tsaka ake yi, hukumomin ɓangarorin biyu suna kallo. Da Benin ta so nuna fushinta a watan Mayun 2024, ai ƙetarewar jiragen ruwan ta hana na ɗan lokaci, abin da ke nuna cewa kowa ya san nan ce iyakar ta koma. Ga shi kuma a Malanville akwai ginin bincike na haɗin gwiwa da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina da tallafin Tarayyar Turai, domin jami'an ƙasashen biyu su zauna wuri ɗaya su duba mota sau ɗaya. Aikin da aka gina shi dominsa ya tsaya, yayin da ake hada-hada a cikin laka 'yar tazara kaɗan daga wurin.

Lissafin asarar ba shi da wuya. Kayan da suka bi ta gada ana auna su, a rubuta, a biya musu duwan, kuɗin ya shiga asusun da ake biyan malamin makaranta da soja. Kayan da suka bi ta ruwa, ko da an karɓi wani abu a kansu, babu mai iya rantsuwa a kan nawa ne ya isa baitulmali. Sannan ba kowane kaya ne ke shiga kwale-kwale ba. Kwantenar magani mai buƙatar sanyi, da injin masana'anta, da tankar mai, da rodi da siminti masu yawa, dole su nemi wata hanya. Wasu 'yan kasuwa suna zagayawa ta Ségbana su shiga jihar Kebbi, su fito ta Kamba su dawo Gaya, wato su ƙetare iyaka biyu maimakon ɗaya. Babbar hanyar da gwamnati ta zaɓa kuwa ita ce ta Lome a Togo, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori a shigo ta Tera. Ta fi tsawo, kuma tana ratsa yankin da ya fi kowane haɗari a Sahel, don haka sai an tara motoci ɗaruruwa sojoji su yi musu rakiya. Direba yana iya shafe makonni yana jiran ayari ya cika, kuma an sha kai wa ayarin hari. Kowace rana ta jira kuɗi ce, kuma a ƙarshe mai sayen mudun shinkafa a kasuwar Dosso ko Maraɗi ne ke biya. Babban ɗan kasuwa mai jari da sanayya zai jure, ya ƙara farashi, wataƙila ma ya fi samun riba tunda masu gasa da shi sun ragu. Ƙaramin ne ke karyewa, da mai tuwo-tuwo a bakin tasha, da bakanike, da mai faci, da dillalin takardun duwan, da duk wanda abincinsa ke rataye a tsayawar manyan motoci a Gaya.

Babbar hujjar masu goyon bayan rufewar ita ce tsaro, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Yankin yana cikin tashin hankali na gaske. A watan Yunin 2024 an kashe sojojin Nijar shida da ke gadin bututun mai a jihar Dosso. A watan Nuwamban wannan shekarar 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kashe mutane a garin Mera na jihar Kebbi. Ranar 17 ga Afrilun 2025 ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Al-Ƙa'ida ta kai hari a gandun dajin W, gwamnatin Benin ta ce an kashe mata sojoji 54. Mai mulkin da ya ga haka ya ce zai kulle ƙofa, ana iya fahimtarsa. Amma a tambaya, ta ina waɗannan mahara ke bi? Ba su taɓa shiga layi a kan gada suna miƙa katin ɗan ƙasa ba. A kan babura suke, cikin daji, da dare, ta mashigai da babu jami'i ko ɗaya. Duk hare-haren da na ambata sun faru ne gadar tana rufe. Lamarin ya yi kama da na maigidan da ya toshe ƙofar zaure alhali katangar bayan gida a rushe take. Abin da ya fi muni, rufewar ta haifar da sabuwar sana'a ta dubban mutane da suka ƙware wajen tsallakar da kaya ba tare da tambaya ba. Jirgin da ya saba ɗaukar buhun gari ba a buɗe shi ba, ranar da aka sa wani abu a tsakiyar buhun haka zai wuce. A kan gada ana iya tsayar da mota, a duba fasfo, a ɗauki hoton yatsa, a haska kwantena da na'ura. A bakin kogi mai mashigai barkatai ba a iya yin ko ɗaya. Ga kuma yanke hulɗar soja da Nijar ta yi da Benin a watan Satumban 2023, wadda ta bar sojojin ƙasashen biyu suna fuskantar maƙiyi ɗaya a daji ɗaya ba tare da musayar labari ba. Idan ma zargin sansanonin Faransa gaskiya ne, ai jirgin sama da na'urar leƙen asiri ba su san kwantena a kan gada ba.

Akwai masu cewa maganar ta wuce tsaro, magana ce ta 'yancin kai: Nijar ta ɗanɗana yadda maƙwabci zai iya shaƙe mata wuya cikin kwana ɗaya, don haka dole ta koyi rayuwa ba tare da Kwatano ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ƙasar da ba ta da teku wauta ce ta rataya rayuwarta a tasha ɗaya, kuma neman hanyar Lome ko Tema ko Aljeriya dabara ce mai kyau. Sai dai mai neman yawan ƙofofi ƙarawa yake yi, ba ya toshe wadda ta fi kusa. Yanzu an bar dogaro da Kwatano an koma dogaro da Lome da kuma zaman lafiyar arewacin Burkina, wanda ba ya hannun kowa. Sannan ga wani abin lura. Bututun man da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Sèmè a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta yankin Gaya ya ƙetare. An yi ta kai ruwa rana a kansa a 2024: Shugaba Patrice Talon ya hana lodin man a watan Mayu yana cewa sai an buɗe iyaka, Sinawa suka shiga tsakani, aka kama 'yan Nijar biyar a Sèmè a watan Yuni, Nijar ta rufe famfo, tsofaffin shugabannin Benin Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka je Yamai neman sulhu, a watan Agusta mai ya ci gaba da malala. Wato inda kuɗin ya yi nauyi, gwamnatocin biyu sun san yadda ake zama a daidaita cikin 'yan watanni. Ɗanyen mai yana ƙetarewa kullum, mai buhun albasa ne aka ce ya jira.

Wasu kuma suna kafa hujja da kare manomin gida, suna cewa rufe iyaka zai tilasta mana cin abin da muka noma. A nan ba sai mun yi hasashe ba, domin maƙwabciyarmu ta gwada har sau biyu, kuma Gaya ta ji a jikinta. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na kusan shekara biyu, abin ya haɗu da fari, har mutanen kudancin Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. A watan Yulin 2019, a birnin Yamai, Najeriya da Benin suka sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka. Makonni shida bayan haka, ranar 20 ga Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Disamban 2020 aka buɗe mashigai huɗu, amma ta Kamba sai a Afrilun 2022. Me aka samu? An ƙara noman shinkafa a Kebbi da wasu jihohi, wannan gaskiya ne, ko da yake tallafin rance ga manoma ya riga rufewar farawa. Amma hauhawar farashi ta tashi daga kusan kashi 11 cikin 100 a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 15 a Disamban 2020. Annobar korona tana da nata kaso a ciki, sai dai shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwannin Kano da Sakkwato ba, tsada kawai ta ƙara, 'yan babur masu bin daji suka samu abin yi. Manomi yana buƙatar taki da ruwa da hanya da kasuwa. Manomin Gaya ma da ke noman rake da rogo da dankali a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, da mai albasar Galmi da ke son kai ta gaɓar teku, masu sayarwa ne a ƙetare, rufe ƙofa su ma ya rufe su a ciki.

Mu juya ga baƙi masu yawon buɗe ido, domin a nan ne tasirin ƙa'idojin shiga ƙasa ya fi fitowa fili. Ɗan kasuwa dole ce ta sa shi tafiya, zai jure wahala. Mai yawon buɗe ido babu dole a kansa, da ya ji ƙishin-ƙishin wahala sai ya canza ƙasa. Wannan yanki yana da abin nunawa. Gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin, yana shimfiɗe ne a Nijar da Benin da Burkina Faso. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, a 2017 ta faɗaɗa shi ya haɗa da Arly da Pendjari. Akwai raƙuman dawa na Kouré a kan hanyar Yamai zuwa Dosso, irin da ba a samunsu ko'ina a duniya sai Nijar. Akwai dazuzzukan giginya na Dallol Mawri, da masu dafa gishiri a Fogha, ga bikin kamun kifi na Argungu a tsallaken iyaka. Giwa da ɓauna ba su san iyaka ba, baƙon da ya zo ganinsu ma tafiya ɗaya yake so ta haɗa masa ƙasashe biyu ko uku. Shugabannin baya sun gane haka, shi ya sa ƙasashe biyar na ƙungiyar Entente, wato Nijar da Benin da Burkina da Togo da Kwaddibuwa, suka fito da biza guda ta yawon buɗe ido da ke shigar da baƙo dukkansu. A da matafiya da dama kan sauka a Kwatano, su hau arewa, su ƙetare gadar Gaya su kwana, su wuce Yamai har Agadas. Wannan baƙo ba zai shiga kwale-kwale ba tare da hatimin shiga ƙasa a fasfonsa ba, domin in ya yi haka ya zama mai laifi a shingen farko da ya tarar.

Za a ce mini bindiga ce ta kori baƙi, ba biza ko gada ba. Haka ne, kuma ba zan yi gardama ba. A watan Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a Pendjari aka kashe ɗan jagoransu. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe ma'aikatan agaji shida 'yan Faransa da 'yan Nijar biyu a Kouré, daga nan Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launin gargaɗi ga matafiya in ban da Yamai. Ko gobe aka buɗe gada Bature ba zai dawo jibi ba. Amma kuskure ne a ɗauka baƙo sai Bature. Mafi yawan masu ziyara a Afirka ta Yamma 'yan yankin ne: mai zuwa biki ko ta'aziyya, mai zuwa Maulidi ko ziyarar shehinsa, ɗan Yamai da ke kai iyalinsa ganin teku a Kwatano lokacin hutu, ɗan Benin da ke zuwa kallon kokowar gargajiya ko sayen ragon layya. Su ne ke cika masaukai da gidajen abinci da motocin haya, kuma su ne rufewar ta fi taɓawa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba su damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar su zauna kwana 90 ba biza. Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ɓangarorin biyu sun yi abin a yaba: ƙawancen ƙasashen uku, wato AES, ya ce 'yan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, CEDEAO ma ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har sai an sake shawara. Amma a watan Janairun 2025 ɗin dai Nijar ta fitar da doka mai tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi, yayin da Benin ta ɗauki akasin haka tun 2017, ta yafe wa duk ɗan Afirka biza. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo mata. Abin tambaya shi ne a ina za a aiwatar da dokar, tunda wurin da aka tanada don duba takarda da buga hatimi shi ne aka rufe. Doka mai tsanani da babu ƙofar bin ta, abin da take haifarwa shi ne ƙarin abin da za a karɓa a hannun talakan da ba shi da katin ɗan ƙasa ko na rigakafin shawara.

Akwai wata hujja da ake yi da murmushi, cewa ai kogin ya samar wa matasa aikin yi, masu jirage da 'yan dako suna samun abin da ba su taɓa samu ba. Suna samu, Allah ya ƙara. Amma kuɗin da suke samu haraji ne da aka ɗora wa mai saye, ba sabon arziki ba ne, kuma ana biyan wani ɓangarensa da rayuka idan ruwa ya cika jirgi ya kife. Abin da wannan hujja ke tunatar da mu shi ne, duk daɗewar rufewar, ƙara yawan masu cin moriyarta ake yi, da masu kaki da marasa kaki, kuma ranar da za a buɗe su ne za su fi kowa kawo dalilin jinkiri.

Ba wannan ne karo na farko da ƙasashen biyu suka yi irin wannan ja-in-ja ba. A ƙarshen 1963, kan rikicin tsibirin Lete da ke cikin kogin a saman Gaya, gwamnatin Nijar ta Diori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, wato Benin ta yanzu, Dahomey kuma ta toshe wa Nijar hanyar Kwatano. A farkon 1965 aka sasanta a inuwar ƙungiyar Entente, aka ci gaba da kasuwanci alhali ba a warware mallakar tsibirin ba. Sai bayan shekara 40, ranar 12 ga Yulin 2005, Kotun Duniya ta yanke hukunci ta ba Nijar Lete, Benin ta karɓa, kotun ta kuma fayyace inda iyaka ta ratsa a kan gadar kanta. Ke nan ana iya raba rigimar gwamnatoci da hanyar talakawa, an taɓa yi. Har yanzu kuma Nijar da Benin suna cikin ƙungiyar UEMOA, kuɗinsu ɗaya ne, kuma yarjejeniyarta ta 1994 ta tanadi walwalar mutane da kaya, don haka ba a buƙatar komawa CEDEAO kafin a samu madogara ta doka. Ba dole ne a buɗe komai rana ɗaya ba. Ana iya farawa da masu tafiya a ƙafa da motocin fasinja, daga safe zuwa la'asar, kowa da takardarsa, wanda ba shi da ita a yi masa ta wucin gadi a wurin a kan kuɗin da aka rubuta a allo kowa yana gani. Daga nan a bar motocin abinci da magani, a riƙa duba su a ginin haɗin gwiwa na Malanville da jami'an ɓangarorin biyu. A taƙaita mashigan ruwa zuwa 'yan kaɗan masu rajista, masu jirage su samu lamba da rigar ruwa. Zargin sansanoni kuma a tura tawagar hafsoshin Nijar, tare da shaidu daga wata ƙasa da ɓangarorin biyu suka yarda da ita kamar Togo, su je wuraren da aka ambata su gani da idonsu.